Sunan da Ban Rubuta Ba

Bayan ruwan shekaranjiya, naman kaza ya fito fari tas a gindin wani suri a Badarawa. Na ɗauki hotonsa, na rubuta sunansa na kimiyya a littafin bincikena. Saura layin sunan da mutanen gari ke kiransa. Nan alƙalamina ya tsaya.

Goggo, yayar mahaifina, ba ta faɗin sunan naman kaza sai ta shinshina shi. Bara a surin nan ta tsuguna, ta karya guda, ta lumshe ido. Ƙamshinsa kamar jiƙaƙƙen gero. Ta faɗi sunan ina tsaka da gyara kyamara.

"Ta ce, "Ke 'yar boko, mi kike jira? Rubuta! Kai ba rumbu ba ne."

Na ce, "Sai mun koma gida, Goggo."

Na manta. Ita kuma ba ta kai girbi ba.

Tun jiya nake zaga gidaje da shi a tafin hannu. Kowace tsohuwa sai ta ce, "Goggonku ta sani." Na shinshina har ya yi yaushi, sunan ya ƙi zuwa.

Allah ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ni da wanda ya riƙe sunan kafin damina ta wuce.