Injin da Zai Juya Sandar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, sandunan fatsa yake yi a Argungu. Da can da homa yake su kamar ubansa, amma da ƙarfi ya fara ja baya sai ya koma zaure ya kama wannan sana'a. Masu saye a wurinsa malaman makaranta ne da ma'aikata masu zuwa bakin gulbi ranar Asabar, sai samarin Gulma da Augie da suka ga na wani suka yi sha'awa.

Yakan zaɓi gora mai kyau, ya miƙar da ita a kan wuta, ya kankare gaɓoɓinta. Daga nan sai ya jera mata ƙananan zobba na waya, waɗanda igiyar fatsa za ta bi ta cikinsu, ya ɗaure kowane zobe da zare. A wannan naɗin gwanintar take. Kowane zagaye sai ya kwanta a gefen ɗan'uwansa, bai hau shi ba, bai bar rata ba. Gwafa biyu yake kafawa a ƙasa ya ɗora sandar a kai. Hannun dama yana murza ta, na hagu yana bi da zaren, shi kuwa zaren daga kwarkwaro yake fitowa ya bi ta ƙarƙashin babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Da yatsan nan yake ɗame shi ko ya sassauta.

A gidansa nake yin hutu tun ina ƙarami, domin nan ne kawai ba a matsa mini sai na yi magana. Ina karatuna a gefen tabarma, yana naɗinsa. Wani lokaci mu kai azahar ba wanda ya ce uffan.

Shekarar da na shiga babbar makaranta a Birnin Kebbi hawan jini ya kayar da shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, magana ta dawo, yana tafiya da sanda, amma hannun dama ya daina riƙo, ƙafar ma sai ja. Da na je duba shi na tarar ya juya wa ƙofa baya yana kallon bango. Furar da aka dama masa tun safe tana nan da faifai a kai.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta raba shi da bangon. Ta sa aka tuge gwafannin daga zaure aka kafa su a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna wajen gindin sandar. Ita ke murzawa, shi yana bi da zare. Ba ya kiran sunanta, ita ma ba ta kiran nasa. Abin da za ka ji kawai, "Tahi." Can kuma, "Tsaya." Wani lokaci, "Koma baya kaɗan, ke kam kina sauri awa za ki biki." Ita kuma ta ce, "Bikin wa ya rage ban je ba, Malam?" A haka cin abinci ya dawo masa.

Hutun da ya biyo baya Inna ta kira ni madafa, inda take turara shinkafar da take sayarwa. Ta rage murya.

"Ɗana, kafaɗar ga ta ƙi. Ko ludayi na ɗaga sai na ji har wuya. Ban hwaɗa mishi ba."

Na ce ai gara ta faɗa.

"In na hwaɗa cewa zai yi in bari. In na bari, ka san inda za shi koma." Ta nuna bangon ɗakinsa da haɓa. "Ku da ke karatu, babu wani inji da ke juya sanda?"

Ban san akwai ba sai da na bincika a waya. Ashe a ƙasashen waje inji ne sukutum aka ƙera don wannan aiki, da ƙananan tayoyi da sandar ke kwanciya a kai, da feda irin ta keken ɗinki. Na karanta duk abin da na samu a kansa, har abin da ba ya da amfani. Ya burge ni ƙwarai. Sai dai duk wanda na gani yana aiki da shi a kan kujera yake, gaban dogon tebur, wuta ba ta ɗaukewa, sandar kuma tana juyi har ido ba ya ganin zaren. Kawu a tabarma yake aiki, kuma bai taɓa yarda da naɗin da idonsa bai bi ba.

Kafin in koma makaranta na roƙi Inna ta bar ni in ɗauki hoton hannunta mai motsi yayin da take murza sandar. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Hannun tsohuwa mi za a yi da shi?"

Na ce hannun kawai zan ɗauka. Haka kuwa na yi: yatsu masu sauran lalle, da awarwaro guda, da gora tana juyawa a hankali, tana tsayawa, tana ci gaba. Ana jin muryar Kawu a baya.

A Birnin Kebbi na yi ta wuce layin masu injuna ina dawowa kafin in iya shiga shago ko ɗaya. Ni mutum ne da tambayar farashin albasa ma take yi wa nauyi. Na farko da na shiga, mai shagon ya gane injin da na nuna masa, ya ce zai iya sa a kawo daga Legas. Ya yi ta yaba saurinsa, wai sanda goma a wuni ba komai ba ne. Na yi godiya na fito. Kawu bai taɓa neman sanda goma a wuni ba.

Na biyu wani dattijo ne mai gyaran keken ɗinki, gilashinsa ɗaure da zare. Na yi masa bayani ina inda-inda. Ya ɗauko injin keke ya haɗa, ya taka, abin ya ɗauki kuka kamar zirnako. Sai na miƙa masa wayata. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in maido masa daga farko.

"Hannun wa ne?"

"Na innata ne, Baba."

"Allah shi ba ta lahiya. Wanga na keke ba shi iya tahiya haka, in ka matsa mishi ya yi sannu sai shi tsaya shina gurnani."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani baƙin inji duk maiƙo. Na waifar mota ne, wanda ke goge gilashi in ana ruwa. Ya haɗa shi da batir, muka jingina wayar a gefensa, muna kallon hannun Inna muna kallon ƙarfen yana juyawa. Bai kai ta natsuwa ba, amma ya kusa. Ga shi ba ruwansa da wutar gari, ƙaramin batir na sola ya ishe shi, kuma a ƙasa za a girka shi. Na daɗe a tsugune ina kallo, har dattijon ya ce ko auren injin zan yi. Na ce shi nake so. Ya sa masa abin murɗawa na rage gudu, da maɓallin komawa baya, da robar da za ta riƙe gindin sanda, da tsohuwar feda.

Fedar nan na yi ta tunani a kanta a mota, injin yana kan cinyata cikin kwali. Hannun Kawu na hagu yana kan zare, ƙafar hagu ma tana kan zare. Ta dama ce ta rage. A asibiti sun ce ya riƙa motsa ta, sai na sa rai za ta iya.

Kawu ya karɓe ni da fara'a. Ya shafa injin, ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan ƙanwata. Kai da ba ka magana, ashe kana can kana ƙira." Na girka komai, ya zauna, ya ɗora ƙafar dama a feda. Takawa ta yiwu. Ɗagawa ce ta ƙi zuwa a kan lokaci. Zare ya hau zare, ya yi tudu a gindin zobe. Ya warware, ya sake. Ya gwada da ƙafar hagu, zaren ya saki ya yi lako-lako. A gwaji na ƙarshe, da ya ga naɗin ya kai inda yake so, sai bakinsa ya riga ƙafarsa.

"Tsaya."

Sandar ta ci gaba da juyi. Na waiga madafa, na ga Inna ta tsayar da muciya cak a cikin tukunya.

Kawu ya yi 'yar dariya. "Abin ga na da kyau, sai dai kurma ne." Ya ce in rufe shi da buhu kada kaji su hau.

A ranar ya san zancen kafaɗar, domin da ya ce Inna ta zo su ƙarasa da hannu, ta zo, amma ta kasa ɓoye fuskarta. Ya dube ta ya daɗe. Ya ce, "Tashi ki huta." Washegari bai fito tsakar gida ba. Na leƙa na gan shi a zaune ya ba ƙofa baya. Na koma na buɗe buhun na zauna gaban injin, ina neman inda zan sa maɓalli a jikin mutumin da ba shi da sauran gaɓar da ba ta aiki. Ban samu ba.

Da hantsin wata safiya Inna ta fito da faifan shinkafa za ta tsince tsakuwa. Ta tura kujerarta da ƙafa har wurin zamanta na da, wajen gindin sandar. Ta jawo fedar, wayar da ta haɗa ta da injin ta gaza.

"Ɗana, ƙara mini igiyar ga."

Na ciro wayar wata tsohuwar rediyo na haɗa, na naɗe mahaɗin da kyau. Ta ɗora ƙafa a kai, ta gyara faifai a cinya, ta ɗaga murya wajen ɗaki.

"Malam, sandar malamin makarantar ga sai yaushe? Ya aiko har ya gaji."

Can daga cikin ɗaki Kawu ya ce, "Ke da kafaɗa?"

"Da kafaɗa anka ce maka ana taka shi?"

Muka ji ƙarar sandarsa ta dogarawa a daɓe. Ya fito yana jan ƙafa, ya zauna, ya ɗauki lokaci yana gyara zare a ƙarƙashin yatsa. Bai dubi kowa ba.

"Tahi."

Sandar ta juya. Jan zare ya fara kwanciya, zagaye a gefen zagaye.

"Tsaya."

Ta tsaya.

Ya kai fuska kusa ya duba naɗin, ya bi shi da farce. "Har yanzu kina sauri."

"Ba ni ba ce, ɗanka ne ya saita shi."

Na matso na murɗa abin rage gudun kaɗan-kaɗan, yana cewa ƙara, ƙara, har ya yi shiru. Na koma gefen tabarma na buɗe littafina, amma ban juya shafi ba. Inna tana tsintar tsakuwa tana jefa wa kaji tsaba, ƙafarta tana jiran magana.

Da aka kawo fura bayan azahar, Kawu ya shanye, ya karkata ƙwaryar ya duba cikinta, ya tambaya ko da saura.