Ranar da Na Saki Hannuwan Kakana

Har yau in na ji warin aidin, maganin nan na wanke ciwo, hannuwan kakana nake tunawa. Ina 'yar shekara tara, bayan girbin dawa, aka kawo shi daga Beji zuwa asibiti a Minna don a cire masa yanar ido. A zamanin nan, in an yi maka wannan aiki, kwanaki za ka yi a rigingine, an tokare kanka da 'yan buhunan yashi, an ɗaure hannuwanka a ƙarfen gado da bandeji don kada ka sosa. Ba a neman yardar kowa, farkawa kawai za ka yi ka ji ka a ɗaure.

Kakana bai yi gardama ba, sai dai ya ƙi cin abinci. Tsohon da ke tashi da kwanon tuwo shi kaɗai, ga shi ko kunu ya ƙi kurɓa. Kakata ce ta san dalili. Yana saurayi an taɓa ɗaure shi da igiya, aka kora shi aikin tilas na haƙar kuza, kuma abin bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Ta tare nas ɗin ɗakin, wata doguwar mata mai saurin tafiya. "'Yata, kwance shi da rana. Mu za mu riƙe shi."

"Mama, in ya taɓa idon nan, shi ke nan ya tafi," in ji nas ɗin. Ta kalli kwanon kunun, sannan ta sunkuya ta kwance shi.

Haka muka riƙa karɓa-karɓa, kakata da gwaggona da ni. Tafinsa kaushi kamar bayan doya. Ranar ya sha kunu har da neman ƙari.

Rana ta uku, bayan azahar, ni kaɗai ce a gefensa. Ya ce, "Amaryata, ɗan sakar mini in yi addu'a." Wa zai hana tsoho addu'a? Na saki. Ya ɗaga hannu ya yi ta roƙo, ya ce amin, sai ya shafa fuskarsa yadda ya saba tun yana yaro. Daga ni har shi ba wanda ya tuna da shafawar. Ina kallo jini ya ɓullo a jikin farar audugar da aka rufe idonsa da ita.

Nas ta zo da sauri, ta juyo kaina. Tsoro ya hana ni ko kuka.

"Ba laifinta ba ne, ni na ƙwace," in ji kakana. Ya miƙa mata hannuwansa biyu. "Ɗaure, 'yata. Yau ni na ce a ɗaure."

Ta ɗaure sako-sako, ta zura yatsa ta gwada, ta kuma riƙa dawowa tana kwance shi yana motsa hannu. Ya ci gaba da cin abincinsa. Idon bai tafi duka ba, amma dishi-dishi ya gani da shi har ya rasu, kuma bai taɓa gaya wa kowa gaskiyar abin ba.

Yanzu jikata nas ce. Ta ce ba sa ɗaure majinyaci sai an rasa wata dabara, sai an yi magana da shi ko danginsa, an rubuta dalili. Na ji daɗi, na kuma ji wa kakana takaici. Bara aka yi mini nawa aikin, na dawo gida ran nan ba wanda ya ɗaure ni. Da na idar da addu'a na ce amin, sai na tsaya da hannuwana a sama, na kasa shafawa.