Zogalen da ya kusa kora ni gida

Shekarun baya, ina sabon zuwa Doha aikin gadi, mahaifiyata ta aiko min da busasshen zogale ta hannun wani ɗan garinmu. Don ɗoki na baza shi a kan jarida a ɗakinmu na Madinat Khalifa, wai ya sha iska.

Sai ga mai kula da masaukinmu ya shigo. Ya kalli ganyen, ya kalle ni, ya ce, "Kat ne wannan?" Kat shi ne ganyen nan da ake taunawa a Yaman da Habasha, a Qatar kuwa haramun ne. Wanda aka kama da shi, in ya yi sa'a, jirgi ne zai mayar da shi gida. Ɗan Turancin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni. "Miya, miya" kawai nake cewa da Hausa.

Abokina ɗan Habasha, wanda gadonsa ke saman nawa, ya sauko. Mutum ne marar magana, ban taɓa jin ya ambaci gida ba. Ya ɗauki ganye ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa.

"Malam, a gonar kat aka haife ni," in ji shi. "Akwai mai jan kara, akwai kore wanda muke kira fari, akwai mai siririn ganye, akwai mai faɗi. Amma dukkansu bakin ganyen kamar haƙoran zarto yake, kuma yana da kauri, ko ya bushe za ka gane. Dubi wannan, ɗan mitsitsi, bakinsa sumul."

Mai kula da masaukin ya jujjuya ganyen, ya shinshina, ya sauke ajiyar zuciya. Ashe shi ma tsoron aikinsa yake ji. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Amma in ka dafa ka ɗiba min."

Ran nan na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Muna ci abokina yana ta zuba, yadda mahaifinsa ke gane iri daga nesa ta launin toho, da yadda yake burin ya koma ya dasa kofi a gefen gonar.

Ya koma tuni, kofin nasa har ya fara 'ya'ya. Har yau in na ga baƙon ma'aikaci ya yi shiru a lungu, sai in matsa kusa in ce, "Me ake nomawa a garinku?" Ban taɓa yin tambayar nan na tashi da wuri ba.