Shayin Bayan Ɗakina

Ban taɓa mantawa da daminar shekarar da aka ce za a kawo babban birnin ƙasa kusa da mu ba. A lokacin garin nan namu ake ce wa Abuja, ba a ba sabon birnin sunan ba tukuna. Ruwa ake yi babu hutu, zani ya kwana uku a igiya bai bushe ba.

Ina wata na biyar a asibitin haihuwa, ni ke dafa wa ma'aikata shayi. Ƙa'ida ita ce sai ka cika wata shida a gwaji, babban likita ya zo daga Minna ya sa hannu, sannan ka zama ma'aikaci.

Ranar da ya zo, na buɗe gwangwanin ganyen shayi na tarar ya yi fumfuna. Kasuwa da nisa, ga shugabarmu Sista Rifkatu tana leƙo kicin tana cewa, “Maman Sani, yau fa ranarki ce.”

Na zaga gida a unguwar Wambai na yanko ciyawar nan mai ƙamshin lemo ta bayan ɗakina. Na tafasa ta da citta da kanumfari, na ƙona sukari don ruwan ya yi ja.

Likita ya kurɓa ya lumshe ido. Sai ya shiga yi wa ma'aikata darasi: wai shayi daga ƙasar Sin ya faro, ya bi Indiya ya iso Kenya, ba ya son komai sai tudu mai sanyi, yana kuma wartsake jiki. “Wannan na kan dutse ne,” in ji shi, “harshena ba ya kuskure. Baiwar Allah, kawo kwalin in kwafi sunan.”

Takardata na gabansa, bai sa hannu ba. Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, ba shi da kwali.”

“To daga wace ƙasa?”

“Wambai. Bayan ɗakina, kusa da turken akuya.”

Sista Rifkatu ta ƙura wa rufi ido. Likita ya kalli kofin, sannan ya miƙo shi. “Ƙaro mini. Shayin tudun Mambila na yi niyyar cewa, gara da kika riga ni.” Ya sa hannu.

Ku da kuke fara aiki yanzu, manya sukan yafe gwangwani mai fumfuna, ƙarya ce ba sa yafewa.

Washegari da sassafe na tono saiwar ciyawar guda biyu. Ɗaya na dasa bayan kicin, ɗaya na naɗe a jarida na ba direban likita ya kai masa.