Sunan 'Yar Fari

A shekarar da aka sake buɗe kan iyakoki bayan annobar korona, 'yata ta fari ta haifi tagwaye a wata ƙasar Turai. Fiɗa aka yi mata, mijinta kuma aiki ya kai shi wani gari, babu mai ɗora mata ko ruwan zafi. Ta roƙe ni in je in zauna da ita wata da watanni. Ƙasar ba ta da ofishin biza a Najeriya, sai a Yawunde, saboda haka na sallami matan da nake koya wa karatu a Lamorde, ƙanina ya raka ni muka tsallaka Kamaru. Mota ta kai mu Garwa, daga Ngawundare muka shiga jirgin ƙasa.

Mu Fulani, a gidanmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari. Tun da aka yaye ta yayata ta ɗauke ta ta riƙe. Ni “Adda” take ce mini, kamar yayarta, ni kuma in zan yi maganarta sai in ce “yarinyar nan”. Haka na taras ana yi, ban taɓa jin nauyinsa ba.

Ranar ganawa aka hana ƙanina shiga. Wata baturiya na zaune bayan gilashi, gefenta tafinta mai jin Fulatanci. Tambayar farko, yaya sunan 'yar da zan je wurinta. Na ce ai yana rubuce a gabansu. Tafintan ya ce daga bakina ake son ji. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Na dubi ƙasa, na gyara mayafi, baturiyar tana kallona. Ya rage murya, ya kira ni uwa da Fulatanci, ya ce, “Dada, ki faɗa kawai, nan ba gida ba ne.” Da ƙyar na fitar da rabinsa, ko ni ban ji abin da na ce ba. Ta tambaya a gidan wa yarinyar ta girma, na faɗi gaskiya. Ta yi rubutu, ta ce in tafi.

Muka zauna a gidan wani mai sayar da shanu ɗan Mubi, ina salla ina roƙon Allah. Da amsa ta zo, ƙanina ya sa aka karanta mana: ba su gamsu cewa ni na haife ta ba. Na tambaya ko akwai wanda zan koma in yi wa bayani. Aka ce babu, sai dai in sake nema daga farko.

Bayan la'asar na kira ta a waya. Ina jin kukan jariran, ɗaya na yin shiru ɗaya na ɗauka. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Sai ta ce, “Adda, tun ina yarinya nake bin ki bashin sunan nan. Tunda ba za ki zo ba, ki faɗa mini shi ni.”

Ƙanina ya tashi ya ba ni wuri. Na yi bisimilla, na kira ta da cikakken sunanta.

Ta ce, “Na'am, Inna. Kin biya.”