Rufin da Ruwa Bai Taɓa Ba

Darrell Zadow mai rufin kwano ne, kuma a garin Alice da ke tsakiyar hamada ya yi sana'arsa tun yana saurayi har kansa ya yi fari fat. Ubansa tankunan ruwa yake ƙera wa masu garken shanu, a wurinsa ya koyi yankan kwano da liƙi da dalma. Ya taso daidai lokacin da baƙi suka fara tururuwa zuwa kallon duwatsu da jan rairayi, gari ya kama gine-gine ba ƙaƙƙautawa. Yau otal, gobe kantin sayar da zane-zane, jibi wurin hayar motoci, kuma duk inda aka ta da bango sai an nemi mai rufe shi. Idan mutum ya hau tudun tsakiyar gari da rana ya dubi ƙasa, yawancin kwanon da ke kashe masa ido ta hannun Darrell ya bi, ko ta hannun wanda ya koya a wurinsa.

Wahalar mai rufi a Alice ita ce ba ya sanin ko aikinsa ya yi. Mai fenti yana gamawa zai ja da baya ya duba. Mai haɗa wuta zai danna makunni ya gani. Shi kuwa mai rufi sai ya jira sama, sama kuma a can ba ta da alkawari. Wata shekarar ta zubo har a rasa hanya, wata shekarar ko tofi ba za ta yi ba. Don haka Darrell ba ya cewa rufi ya ƙare sai ruwa mai ƙarfi ya dake shi.

Ranar da aka yi irin wannan ruwa har kogin Todd, wanda kusan kullum a bushe yake, ya taso daga cikin yashinsa, kowa kan ajiye aiki ya tafi bakin gada, yara ba takalmi, manya da gwangwanin giya a hannu. Shi sai ya shiga a-kori-kurarsa ya bi gine-ginen da ya rufe tun bayan ruwan baya, ɗaya bayan ɗaya. Zai shiga a jiƙe, ya tsaya tsakiyar ɗakin cin abinci mutane na tsaka da ci, ya cire hula ya ɗaga kai yana kallon silin. Ma'aikatan otal sun san shi, sukan bi tebur-tebur suna gaya wa baƙi kada su damu, lafiyarsa ƙalau. Idan ya gama kallo bai ga ɗigo ba, ya mayar da hularsa ya fita, daga ranar ba ya sake tuna ginin.

Matarsa Noeline a ɗakin wanki na asibiti ta yi aiki har ta ajiye. Takan ce ita ce ta auri mutumin da ya tsufa a bakin kogi bai taɓa ganin tasowarsa ba. Suna da 'ya'ya biyu. Troy ya bi ubansa kan rufi, Raelene kuma ta yi aure a Adelaide, can bakin teku.

Aikin Darrell na ƙarshe shi ne rufin ɗakin cin abinci na babban otal ɗin da ke gindin duwatsu, lokacin da aka yi masa gyara. Masu zanen ginin sun so rufin ya yi kamar tsuntsu ya ɗaga fukafukai, ɓangarorin biyu su gangaro ciki su haɗu a doguwar magudana guda a tsakiya. Darrell bai yi musu da kowa ba, ya dai ce wa Troy duk rufin duniya korar ruwa yake yi waje, wannan kuwa gayyatarsa yake yi. Magudanar bai bar wa kowa ba. Da hannunsa ya lanƙwasa ta, ya bi ta a durƙushe yana liƙe kowace gaɓa, har gwiwoyinsa suka daina miƙewa da safe. Da aka gama, kowa ya yaba, shi kuwa bai san ko aikin ya yi ba. Ya miƙa wa Troy makullan shago ya ce ya bar hawa sama.

Tun kafin haka akwai alkawari tsakaninsa da Noeline. Zuciyarta ta fara ba ta wahala, likita ya ce gara ta zauna kusa da manyan likitocin Adelaide. Raelene ta gyara musu ɗan ɗakin da ke bayan gidanta. Magana ta tsaya a kan cewa da ya ajiye aiki za su tashi.

Noeline ta ce, "Tsoho, yaushe za mu fara ɗaure kaya?"

"Bari a yi ruwa."

"Wane ruwa?"

"Na sama mana. Akwai wani?"

"Darrell, zuciyata likita ya ce ba ta son jira, ba kwanonka ba."

"Kirsimeti na tafe. Hadari ba zai wuce lokacin ba."

Kirsimeti, wanda a can tsakiyar bazara yake faɗowa, ya zo ya wuce, zafi ya yi zafi har kwalta na kama takalmi. Sau ɗaya aka yi yayyafi, Noeline ta fito tsakar gida ta miƙa masa tafin hannunta da ɗigo a kai. Ya duba ya ce wannan ƙura kawai ya kashe, ba ya cikin lissafi. Ta yi haƙuri har zafin ya fara sauka. Wata safiya jiri ya kayar da ita a kanti tsakanin buhunan dankali, sai Raelene ta hau jirgi ta zo ta ce ba za ta koma ba sai da uwarta.

A filin jirgi Noeline ta gyara masa wuyan riga ta ce, "Na bar maka dafaffen nama a firji. Idan ya ƙare sai ka ci kwano."

Ya ce, "Ba zan daɗe ba."

Ta ce, "Ba kai za ka faɗa ba. Ni ce ban san ko zan daɗe ba."

Ya koma gida shi kaɗai. Kowace safiya yakan zauna a gaban gidan burodi da abokinsa Clarrie, tsohon birkila, suna shan shayi suna kallon motocin siminti na wucewa. Shi Darrell rabin hankalinsa na arewa, inda hadari ke fitowa idan ya ga dama.

Clarrie ya ce, "Na ga mace ta yi yaji saboda giya, na ga wadda ta yi saboda caca. Kai kaɗai na sani wanda matarsa ta tafi saboda indararo."

"Ba yaji ta yi ba. Jinya ta tafi."

"Au, ashe ka sani. Na ɗauka ba a gaya maka ba."

"Sha shayinka, mai karkataccen bango."

"Bangona ko ya karkata, matata na cikinsa."

Ranar Lahadi yakan kira Noeline. Ya ce ya jiki, ta ce yana nan. Ta ce ya sama, ya ce tana nan. Daga nan yana jin numfashinta yadda ya gajarce, sai ta ce to kada kuɗin waya ya tafi a banza. Raelene ce ke karɓar wayar ta gaya masa gaskiya, cewa an ƙara wa Mama magani, kuma yanzu ba ta iya zuwa ƙarshen layi sai ta huta. Yakan ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, don bayan kowace waya sai ya fito da akwati ya ɗora a gado. Da ya leƙa taga ya ga ɗan gajimare, sai ya mayar da shi ƙarƙashi.

Haka wani zafin ya sake zagayowa ba ruwa. Gari kuwa bai tsaya jiran sama ba. Kantin da aka buɗe bara an rushe shi an yi gidan shayi, gidan shayin ya koma wurin tausa. Wata rana da hantsi Troy ya shigo da ƙunshin burodi mai nama guda biyu, ya ajiye a tebur, ya ƙi zama. Darrell ya san ɗansa ba ya kawo abinci sai da magana a bayansa.

"Baba, an sayar da otal ɗin gindin dutse."

"Allah ya ba su sa'a."

"Sababbin suna son ƙara hawa biyu a kan ɗakin cin abinci."

Darrell ya ajiye burodin. "A kan rufin?"

"Ba a kansa ba. Cire shi za a yi." Troy ya sosa ƙeya. "Mu aka ba aikin cirewar. Na ce gara mu da wani."

"Ai bai ƙare ba."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na yi magana da mai tankar ruwa. Kafin mu taɓa ƙusa ɗaya sai ya zo ya juye masa tanka guda, kai kana ciki kana kallo. Shi ke nan ka huta, ka tafi wurin Mama."

Darrell ya girgiza kai. "Ruwan tiyo inda ka nuna masa yake bi. Na sama da iska yake zuwa, ta gefe, da ganye da ƙanƙara, ya cika magudana ya nemi hawa baya. Tiyo ba ya neman komai."

"To me kake so in yi? In kira sama a waya?"

"In kana da lambarta."

Ranar cirewa ya zo da wuri. Aka ba shi hular kwano da falmaran mai ruwan ɗorawa kamar baƙo, aka ce ya tsaya bayan igiya. Sama wasai, ko tsumman gajimare babu. Ma'aikata suka bi ƙusoshi suna kwancewa, injin ɗaga kaya na sauke kwanon falle-falle, kowanne sabo ƙal kamar jiya aka ɗora shi. Kafin azahar an zo kan magudanar. Suka yanka ta gunduwa-gunduwa suka jera a ƙasa kusa da motar shara.

Darrell ya ƙetare igiya, ba wanda ya hana shi. A cikin magudanar akwai jar ƙura mai kauri, da ƙwallon wasa guda, da sheƙar wani tsuntsu da ya ga wuri busasshe ya yi iyali. Ya durƙusa da ƙyar, ya share ƙurar, ya bi gaɓoɓin da babban yatsa. Troy ya tsaya a kansa.

"Dubi liƙin nan, Baba. Da ya riƙe. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima."

"Ruwa bai san wannan karin maganar ba."

"Wallahi da ya riƙe."

"Ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba." Ya kama hannun ɗansa ya miƙe. "Ku ajiye sheƙar a inuwa."

Bai jira Lahadi ba. Daga cikin mota ya kira ta.

"An cire."

Noeline ta san shi, ta san ba murna yake kira ya yi ba, kuma ta san mutumin da aka ƙwace wa abin jira yana iya zama a kujera ya ci gaba da jira haka nan. Can ta ce, "To, Allah ya ji ƙan rufi. Mu nan kwana da kwanaki ruwa ake yi. Ɗakin nan na Raelene yoyo yake, daidai kan ƙafar gadona."

"Yoyo? Ta ina?"

"Ni na sani? Ni mai rufi ce? Bokiti dai na tara."

"Mijin Raelene fa?"

"Wannan ko ƙwan fitila sai ya kira ma'aikaci."

"Kada ki bari kowa ya hau. Kin ji? Kada su shafa masa wannan abin liƙin na kanti."

"To sai ka yi sauri, don maƙwabci ya ce yana da shi."

Washegari da safe ya ɗaure tsani a bayan a-kori-kura, ya jefa akwati da akwatin kayan aiki, ya tsaya gidan burodi ya ba Clarrie makullin gida. Clarrie ya ce a gaida amarya. Kwana biyu ya yi a hanya, yana tafe ƙasa na sauya launi daga ja zuwa toka zuwa kore, har ya shiga Adelaide ana ruwa sosai.

Ya tarar da Noeline zaune a kujera da bargo a gwiwa, ta rame fiye da yadda muryarta ta nuna. Ba ta tashi ba, ta dai ce, "Ka yi baƙi. Naman ya ƙare?" Ya ce tuntuni. Ta nuna masa ƙafar gado da haɓa.

Bokitin na nan, ruwa ya kai rabi. Darrell ya ɗaga kai ya dubi silin, fari tas, ba tabo ba kumburi, ga ruwa na dukan kwano a sama kamar ana watsa tsakuwa. Ya sunkuya ya ɗauki bokitin ya kai hanci. Warin maganin da ake sa wa ruwan famfo ya buge shi, irin wanda duk wanda ya taɓa shan shayi a Adelaide ya sani. A gidan Zadow har yau ba a daidaita a kan wanda ya cika bokitin ba. Raelene ta ce ita tana wurin aiki, Noeline kuwa a lokacin ko butar shayi ba ta iya ɗagawa cike.

Ya ajiye shi daidai inda yake. Ya jawo kujera kusa da tata ya zauna, takalminsa na ɗigar da ruwa a kan darduma.

Ta ce, "Yaya, malam mai rufi? Ka gano?"

Ya ce, "Irin wannan yoyon ɓuya yake yi. Sai an zauna an sa masa ido. Zai iya cin damina guda, ko biyu."

Ta ce, "Ka dai cire takalmin nan tukuna."

Ya sunkuya ya fara kwance igiya.