Babi na Uku Ya Rushe a Ƙofar Kuyambana

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, ni da maigidana, kundin digirina na biyu a kan cinyata. Saura wata guda in kare shi gaban malamai, ga wani layi a babi na uku da ya ƙi zama. Mai duba aikina ya ce in je Zariya wurin tsohon malaminsa da ya yi ritaya, shi kaɗai ya sani da ya ƙware a kan zeta.

Tun daga Tsafe maigidan ke tambayata mece ce zeta ɗin nan. Na ce masa wani tsarin lissafi ne da ke ɗauke da sirrin lambobin da ba sa rabuwa, irin su biyu, uku, biyar, bakwai. A kan wani layi da muke kira layin rabi, ƙimarsa hawa take tana sauka ba a iya kama ta, shi ya sa ake neman matsakaicinta a dogon zango. A Funtuwa, inda muka ci waina da miyar taushe, ya ce da ya ɗauka sunan wata Baturiya ne.

Cikin birnin Zariya muka fara shan wahala. Mun shiga ta Ƙofar Kibo, mota ta maƙale a lungu, muka ajiye ta gaban wani shagon ɗinki muka taka. Duk wanda muka ce wa Farfesa muke nema sai ya ce wanne daga ciki? Aka tura mu gidan likitan dabbobi, aka tura mu gidan masanin Larabci. Sai da wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta ji mun ambaci lissafi, ta ce, "Au, Malam mai rubutu a bango? Ku miƙe Kuyambana."

A zaure muka same shi, bangon duk alli. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa kundin. Bai wuce shafi huɗu na babin ba ya ɗago.

"'Yata, wa ya ba ki izinin kawo wannan jerin tarawa kan layin rabi? Sai an wuce ɗaya yake aiki. A nan ba ya tsayawa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, amsar ta fito daidai da ta littafi."

"Kin san inda za ki, shi ya sa kika isa. Hanyar ce babu."

Ya tashi da ƙyar ya cika rabin bango: a yanke jerin, a ɗauki gajeru biyu, a kuma auna abin da aka zubar. Na gane layi ukun farko. Daga nan kai kawai nake gyaɗawa, idona ya ciko. Maigidana, da ya ga haka, ya zaro waya ya bi bangon yana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo mana dambu da zoɓo, ban san ɗanɗanonsu ba.

Mun iso gida da magariba. Na je da layi ɗaya da ya dame ni, na dawo da babi guda da zan sake daga tushe. Amma gara da na ji kunyar a zauren nan gaban mutum biyu, da in ji ta a ɗakin jarrabawa. Hotunan bango goma sha ɗaya ne, ba na wuce ɗaya sai na gane shi. Yau na kai na biyar.